Ɗigon Da Ya Daina Ɗaci

Shafi na 9

To, masu cika min ƙasan shafi da "Baba a ci gaba, Baba a ci gaba", na ji ku. Ku sassauta. Mutumin da ya shekara arba'in yana jan babbar mota ba a koya masa sauri, ba a kuma koya masa inda zai taka birki.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Ni tsohon direba ne. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma taɓa ɓata hanya ba. Ina faɗa ne, surukata matar Auta tana danna waya. Idona na hagu batir ya fashe ya tafi da shi tun Auta yana goye. Na dama shi kaɗai ya rage min, shi ne kuma ya kumbura ta ciki watan jiya, ya yi ja kamar garwashi, haske ya zame min abokin gaba.

Likita ta ba ni 'yar kwalbar maganin ɗigawa, ta ce sitiroyid ne, ta kafa min dokoki. A girgiza sosai kafin a ɗiga, don maganin kwanciya yake a ƙasa. A wanke hannu. Kada bakin kwalba ya taɓa ido ko yatsa. In an ɗiga a rufe ido, a danne lungun da ke gefen hanci. Babbar dokar kuwa, ba a daina shi rana tsaka. Ita za ta riƙa rage min shi a hankali, tana auna idon, kada hawan jinin ido ya shigo ta bayan gida.

Na ce mata, "Likita, ai wannan gangare ne da lodi. Giya-giya ake sauka. Wanda ya saki mota furi, ba giya, a rami ake tsinto shi."

Ta ce duk cikin majinyatanta ba wanda ya gane da wuri kamar ni. Ban yi mamaki ba.

Ido ya wanke, ya yi fari tas. Sai kwanakin nan ciwon ya dawo, alhali ko ɗigo ɗaya ban tsallake ba. A shafin baya mun tsaya inda na ce gobe da safe kada kowa ya fita gidan nan.

Masu tambayar ko yanzu ina gani, ku bi layi. Za a zo wurin.

Da safe na zauna a kujerata ta falo, na ba taga baya, na sa an ja labule. Tsohuwa, wato matata, tana zaune da faranti a cinya tana tsintar wake. Surukata tana tsaye jikin kabad. Auta ya jingina da ƙofa cikin kayan aikinsa na walda, da baƙin tabarau a fuska.

"Baba, ina da ƙofar mutane da zan kai yau," in ji shi.

"Ƙofa ba ta da ƙafa. Zauna."

Ya zauna a hannun kujera.

Na ce, "'Yata, kashe wayarki ki miƙo min."

Ta miƙo. Na girgiza kwalbar yadda aka koya min, na ɗiga ɗigo guda a kan baƙin gilashin wayar.

"Me kika gani?"

"Ɗigo, Baba."

"Na san ba kaza ba ce. Ranar da aka ba ni maganin nan kina wurin. Yaya launinsa yake?"

"Fari. Kamar madara."

"Yau fa?"

Ta ƙura wa gilashin ido.

"Da ke nake."

"Kamar ruwan da aka ɗauraye kofin madara."

"Madalla. Goge wayarki."

Faranti ya daina ƙara.

Bari in faɗa muku yadda na gane, don kada wani ya ce duba aka yi min. Maganin nan, ko ka danne gefen hanci, akwai wani ɗan ɗaci da yake saukowa maƙogwaro bayan ka ɗiga. Kullum ina jin sa. Ɗacin ya fara raguwa, ya ragu, ya tafi. Ni kuwa tun daga bakin tanki nake gane man dizal da aka surka da kananzir. Harshen da ya sha zuƙo mai da tiyo shekara arba'in ba a yi masa wayo. Ruwa ba ya tsami banza, magani ma ba ya daina ɗaci banza.

Tsohuwa ta ce, "Ƙila na jabu suka ba ka, Maigida. Duniyar yanzu."

"Jabu ba ya fara gaskiya ya koma ƙarya a tsakiyar kwalba."

"To ni ina na sani?"

"Mu uku ke shiga ɗakina. Ni, ke, da ƙadangare. Ni ban zuba ba. Ƙadangare ba ya iya murfi."

Ta ajiye farantin da ƙarfi har wake ya yi tsalle.

"Au, ni za ka ɗora wa? Tun kana da baƙin gashi nake dafa maka abinci. Da ina son ganin bayanka sai in bi ta ido?"

"Ban ce kina son ganin bayana ba. Tambaya na yi."

"Tambayarka ta fi zagi nauyi."

Na ƙyale ta. Tsohuwa in ta fara ɗaga murya, to gaskiyar tana wani lungu dabam da take tsarewa. Na juya wurin ƙofa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Rana ta fito a falon nan ne?"

"A'a."

"To tabarau na mene ne?"

"Hasken walda ne ya ɗan kama ni."

"Yaushe?"

"Kwanaki."

"Hasken walda kwana ɗaya yake, ya yi maka yaji kamar an zuba yashi, ya wuce. Tun kana ɗaukar wa maigidanka wayar walda na san wannan. Kai kuwa da tabarau kake cin abinci, da shi kake shiga banɗaki. Cire."

"Baba, wallahi ba komai ba ne."

"In ba komai ba ne ai cirewar ba ta da nauyi."

Tsohuwa ta ce, "Ka bar yaro ya tafi aikinsa."

"Yaro mai 'ya'ya biyu. Cire, na ce."

Ya cire.

Ganina ba shi da kyau a safiyar, komai kamar ta cikin hayaƙi. Na ce ya matso. Ya durƙusa a gabana. Na kama haɓarsa na juya shi wajen ɗan hasken da ya ratso labule.

Fatar idon dama ta kumbura ta sauko. Na ɗaga ta da babban yatsa. Farin idon babu fari a cikinsa. A tsakiyar baƙin kuwa ga wani abu fari fat, kamar an ɗiga fenti da kan ashana.

Na sake shi.

"Rufe na hagu. Yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ƙanƙance ido.

"Ina ganin hannu, Baba."

"Ban tambaye ka hannu ba."

"Ban iya ƙirgawa."

Surukata ta juya ta fuskanci kabad.

Na ce, "To, ba ni labari. Daga farko, kada ka yanke kwana."

Ya zauna a ƙasa. Ya ce yana gugar bakin ƙarfe da inji, ɓurɓushi ya yi tsalle ya shiga. Na ce ina tabarau na aiki? Ya ce yana rataye a ƙusa, aikin na minti ɗaya ne. Abokin aikinsa ya kwantar da shi a benci, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika da suke ajiyewa don haka, ya kara a idon, abin ya fito.

"Kun ga ya fito?"

"Ya ce ya fito."

"Asibiti fa?"

"Baba, a shagonmu ba a zuwa asibiti don ɓurɓushi. Dariya za a yi maka shekara guda. Kowa da maganaɗisu ake cire masa."

"Sai kuma me?"

Ya kalli uwarsa.

Tsohuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali. In ta yi haka, to ta gama ɓuya.

"Ni na ɗiga masa."

Na juyo wurinta.

"Ni na ɗiga masa, Maigida, ka ji da kyau. Yaron nan kwana yake yana juyi, hawaye har kunne. Da idona na ga maganin nan ya mayar da naka fari cikin 'yan kwanaki. Ido ja, ido ja. Magani yana kan kabad ɗin ɗakinka, ɗana yana kuka a nasa ɗakin. In zuba ido?"

"Ba ki ji lokacin da na ce likita ta ce nawa ne ni kaɗai ba?"

"Na ji. Na ɗauka rowar likitoci ce."

"Ya yi aiki?"

Auta ya ce, "Da farko kamar an cire ƙaya, Baba. Zafin ya tafi, jan ya ragu, na koma aiki. Shi ya sa muka ci gaba. Daga baya ya dawo, ya fi na da. Sai Umma ta ƙara yawan ɗigon."

"Sau nawa?"

Tsohuwa ta ce, "Duk lokacin da ka shiga wanka. Duk lokacin da ka fita ƙofar gida shan iska."

"Ruwan fa?"

"Kwalbar ta yi sauƙi. Na san hannunka, sikeli ne, za ka ji. Na aiki matar Auta kemis, mai kemis ya ce ba ya sayar da shi sai da takardar likita. To me zan yi? Na ɓalle kan da bakin wuƙa na ɗan ƙara."

"Ɗan ƙara."

"Sau biyu. Ko uku."

"Wane ruwa?"

"Na famfo. Amma na tace shi da sabon ƙyalle."

"Kin tace."

"Maigida, tun da ka aure ni, in baƙi suka faɗo ba shiri ruwa nake ƙara wa miya. Sabulun wanka in ya zo ƙarewa ruwa nake ƙara masa. Haka na raini 'ya'yanka kana can kana yawon duniya. Wa ya mutu?"

Wannan magana gaskiya ce, a tukunya.

Na juya wurin surukata. Yanzu da take rubutawa ta ce kada in sa wannan a labarin. Na ce ta danna, ni ke da labari.

"Ke fa, 'yata? Ke da kika yi karatu?"

"Baba, na ce ya je asibiti tun ranar farko. Ya ce in na faɗa maka, to ni na tayar maka da hankali, in ciwonka ya tashi alhakina ne. Ruwan kuwa wallahi ban sani ba sai yanzu."

"Ciwon ai ya tashi, ba da taimakonki ba."

Wasu za su so in ce na yi ihu, na fasa faranti. Ban yi ba. Ihu na yaran mota ne. Ni na taɓa kwana a ƙarƙashin motata da ta kife, ƙafata a maƙale, ina jin mai yana ɗiga kusa da kunnena, ban kira sunan kowa ba sai na Allah. In birki ya tsinke, direba ba ya zagin makanike. Hanya yake kallo.

Na sa kwalbar a aljihu.

"Tsohuwa, ɗauko mayafinki."

"Ina za ni?"

"Asibiti. Da bakinki za ki faɗa wa likita."

"Ni ba zan je a yi min faɗa a gaban mutane ba. Yarinyar da na haife ta."

"Ba faɗa za ta yi ba, tambaya za ta yi. Ke kaɗai kika san amsar."

Auta ya ce, "Baba, ƙofar mutanen nan..."

"Makaho ba ya walda. Tashi."

Muka tari tasi. Na ɗaure idona da hankici saboda rana, na zauna gaba. Direban yaro ne, ƙafarsa a kan kuloci tun daga ƙofar gida har asibiti. Ido a rufe na gaya masa farantin kulocinsa ba zai kai ƙarshen wata ba. Ya ce ta ina na sani? Na ce ta inda ubanka bai sani ba. A baya ba wanda ya yi dariya.

A asibiti nas ta duba katina ta ce ba yau ce ranata ba.

Surukata ta ce, "Ido ɗaya gare shi, ya sake ja. Wannan kuma ki duba nasa."

Auta ya ɗaga tabarau. Nas ta shiga ciki da sauri. Masu layi suka fara gunaguni, ta fito ta ce mu shigo.

Ɗakin likita duhu ne, shi ya sa nake son sa. Ga na'urar nan da ake ɗora haɓa a jingina goshi, ga kujera mai taya.

"Baba direba! Yau ba ranarka ba ce. Ko kewata ka yi?"

"Likita, mota ta sauka gangare a furi, ba kuma ni na cire giya ba."

Na ajiye mata kwalbar. Ta girgiza, ta ɗiga a bayan safar hannunta, ta kalla. Dariyar ta tafi.

"Zauna in duba."

"A'a. Fara da yaron."

"Baba, kai ne mai ido ɗaya."

"Na sani, ni nake ɗauke da shi. Ni na ga duniya har ta ishe ni. Shi bai gama ganin 'ya'yansa ba. Fara da shi."

Ta zaunar da Auta. Ta ɗiga masa na kashe zafi, ta taɓa masa wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a gefen ido, ta kunna shuɗiyar fitila.

"Mama, matso ki gani."

Tsohuwa ta matsa, tana riƙe da bakin mayafi.

"Kin ga inda ya yi kore shar a tsakiya?"

"Na gani."

"Duk inda wannan launin ya kama ya zauna haka, rauni ne. Fatar baƙin idon ta cinye a wurin. Gyambo ne. Ga kuma sauran tsatsar ƙarfen a ciki, bai gama fita ba. Me aka sa masa?"

Na ce, "Tsohuwa, an zo wurinki."

Ta faɗa. Ba ta rage komai ba, wannan na ba ta. Wanka, shan iska, bakin wuƙa, sabon ƙyalle.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujerarta baya.

"Mama, ba duk jan ido ne iri ɗaya ba. Maganin nan ba ya kashe ƙwayar cuta. Aikinsa ya kwantar da masu gadin jiki. A idon Baba masu gadin ne suka rikice suna dukan gidansu, shi ya sa muka kwantar da su. A idon ɗanki ɓarawo ne ya shiga ta inda ƙarfe ya huda. Sai aka sa masu gadi barci."

"Amma zafin ya tafi, Likita. Da idona na gani."

"Ƙarar masu gadin ce ta tafi. Ɓarawon yana ciki yana aiki."

Tsohuwa ta nemi bango ta jingina.

Auta ya ce, "Zan gani da shi?"

"Yau za mu kwantar da kai. Za mu cire tsatsar, mu ɗan kankari wurin a kai a gano wace ƙwaya ce, a fara maka wani maganin dabam, dare da rana. Gyambon za mu yi yaƙi mu tsayar. Tabon da zai bari, ba zan yi maka alkawarin komai yau ba."

"Aikina fa?"

"Wanda ya rataye tabarau a ƙusa shi zai amsa wannan."

Nas ta kama hannunsa suka fita. Surukata ta bi su har ƙofa, ta dawo. Ta ce ba za ta bar ni ba.

Likita ta juyo.

"Baba, kai kuma an sauke ka daga maganin ba shiri, shi ya sa kumburin ya dawo. In wannan ne kaɗai, da sauƙi. Sabuwar kwalba, mu koma sama, mu sake saukowa a hankali, in auna idon."

"Giya ɗaya, kenan."

"Giya ɗaya."

"Na taɓa hawa dutsen da ya fi wannan da taya mai faci."

Ta ɗan murmusa. Ta ɗauki kwalbar za ta jefa a kwandon shara, sai ta tsaya. Ta kai bakin kwalbar ƙarƙashin fitilar tebur, ta juya shi.

"Mama."

"Na'am."

"In za ki ɗiga wa ɗanki, daga nesa kike sakin ɗigon?"

"Daga nesa kuma? Ya zube a kumatu a yi asara? Yaron ƙifce-ƙifce yake yi. Buɗe idon nake da yatsa, in ɗora bakin a kai, in matsa."

"A kan idon."

"A kai. Ko ɗigo ɗaya bai taɓa zubewa a banza ba."

"Kina gogewa bayan nan?"

"Da bakin zanina."

"Sai ki mayar kan kabad."

"Kafin ya fito daga wanka."

Likita ta dube ni.

"Baba, in ka fito wanka me kake fara yi?"

"Ɗiga magani. Hannuna a wanke, lokacin ya yi daidai."

"Yaushe ka ɗiga na ƙarshe?"

"Yau da asuba."

"Da ciwon ya dawo, kana murza idon?"

"Yana ƙaiƙayi. Nakan ɗan goga da hankici."

"Ciwon na yanzu irin na farko ne?"

Wannan tambaya ta tsaya min. Ni ba na ƙarya a kan inji, ba na yi a kan jikina.

"A'a. Na farko daga ciki yake, kamar ana matsa ƙwallo. Wannan akwai na ciki, akwai kuma wani a sama. Kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata."

Ba ta jefar da kwalbar ba. Ta sa ta a wata 'yar leda ta manne baki, ta yi rubutu a jiki.

"Matso, Baba. Ɗora haɓa."

Na ɗora. Ƙarfen da sanyi. Wurin da Auta ya jingina goshi kuwa har yanzu da ɗumi.

Ta ɗiga na kashe zafi. Ta taɓa 'yar takardar. Duniya ta koma ruwan ɗorawa.

"Kalli kunnena. Kada ka ƙifta."

Shuɗiyar fitila ta taso daga gefe, ta tsaya.

Likitar nan ba ta saba duba ni shiru ba. Kullum sai ta tambaye ni labarin hanya, wace gada ce ta fi tsoro, wane gari ne ya fi 'yan fashi. Ran nan ba ta tambayi komai ba. Fitilar ta tafi hagu, ta dawo. Ta tafi dama, ta dawo wuri guda. Ta murɗa wani abu, hasken ya ƙara siranta.

Na ce, "Likita, injin ya yi shiru da yawa."

"Kada ka yi magana, Baba, kana motsa kai."

Ta ɗaga murya ba tare da ta ɗago ba.

"Nas! Kira min babban likita. Ki ce ya bar abin da yake yi."

Na ji takun silifas a bayanta. Takun da na sani tun ina da ido biyu. Tsohuwa ta zo ta leƙa ta kan kafaɗar likita, numfashinta har fuskata.

"Likita."

Fitilar ba ta motsa ba.

"Likita, wannan koren da nake gani a idon Maigida... na fitilar ne, ko?"

Likita ta ƙara matso da fitilar daidai inda nake jin tsakuwar. Na tuna abin da ta ce ɗazu: inda launin ya kama ya zauna, gyambo ne.